Yadda ake auna gwanin dara

A ƙauye, in an ce wane gwanin dara ne, bakin mutane ne shaida. Shi ya sa gardama ba ta ƙarewa: kowane gari da nasa gwani.

Akwai wata irin dara da ake yi ko'ina cikin duniya, Faransawa na ce mata eshek. Masu yin ta sun kashe wannan gardama da lissafi. Wani malami a Amurka, Arpad Elo, shi ya tsara lissafin. Ƙungiyar wasan ta duniya ta karɓe shi cikin shekara ta 1970.

Kowane ɗan wasa da lambarsa. In ya ci, ta hau. In an cinye shi, ta sauka. Wanda ya ka da na sama da shi, lambarsa ta hau da yawa. Wanda ya ka da ɗan koyo, ƙarinsa kaɗan ne. Galibi sai lamba ta kai 2500 ake kiran mutum babban gwani. Magnus Carlsen, mutumin ƙasar Norwe, ya kai 2882 cikin 2014.

Lambar nan ba a gadon ta. Mai neman suna wajen cin yara, wuri guda yake tsaye. In yana son hawa, sai ya zauna gaban wanda ya fi shi.