Tokyo: Birnin da na'ura ke rarrashin tsofaffi

Kafin dogayen benaye su ɗauke wa baƙo hankali a Tokyo, furfura ce ke fara yi masa maraba. Direban tasi dattijo ne, haka mai gadi, haka mai share tashar jirgin ƙasa. Alƙaluma ma sun gaskata ido: kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun haura, masu shekara 100 sun zarce 90,000, yayin da haihuwa ta faɗi ƙasa da 800,000 a 2022, a ƙasar da ke da mutum kimanin miliyan 124.

Taron malaman jami'a ne ya kai ni, amma darasin da na fi ƙaruwa da shi a wajen zauren taro na same shi. Japanawa mutane ne masu ganin girman manya. Litinin ta uku a watan Satumba hutu ce ta ƙasa don karrama tsofaffi, kuma jiragen ƙasa na da kujerun da aka keɓe musu. A da, ɗawainiyar iyaye tana wuyan babban ɗa da matarsa. A 2000 gwamnati ta kawo inshorar kula da tsofaffi, wadda duk mai shekara 40 zuwa sama ke zuba mata kuɗi. Da haka ɗawainiya ta bar tsakar gida ta koma hannun ma'aikata, da ma'aikatan suka yi ƙaranci kuma aka waiwayi na'ura.

A wani gidan kula da tsofaffi da aka kai mu, na ga Paro, na'urar da injiniya Takanori Shibata ya ƙera da siffar jaririn wata dabbar teku, fari fat, mai laushin gashi. In an shafa shi sai ya lumshe ido, ya yi ɗan kuka. Wata tsohuwa mai ciwon mantuwa ta rungume shi tana jijjigawa kamar mai raino, fuskarta cike da natsuwa. Na tsaya ina kallo, na rasa ko murna zan taya ta ko tausayinta zan ji. Paro ba ya gajiya, ba ya tsawa, ba ya ƙosawa in an maimaita masa labari sau goma. Sai dai bai san sunan mijinta ba, kuma ranar da ta cika ba zai yi kewarta ba.

Shaƙuwa da na'ura ta yi nisa a ƙasar. Kamfanin Sony ya fito da karen na'ura mai suna Aibo a 1999, ya daina gyara tsofaffin samfurinsa a 2014. A 2015 haikalin Kofukuji da ke Isumi, a lardin Chiba, ya fara shirya wa waɗanda suka lalace bikin bankwana irin na mamata, kafin a cire sassansu a gyara wasu.

Abin da na fahimta shi ne, fasaha ba ta kashe tausayi a zuciya, amma tana iya sauya masa mazauni, ta kuma rage abin da ake jin kunyarsa. Ɗan da a jiya za a zarga don bai leƙa mahaifiyarsa ba, gobe yana iya zama abin yabo don ya saya mata na'ura mafi tsada. Ma'aunin ɗa nagari zai tashi daga zama kusa ya koma iya biya.

Mu ma mun kama hanyar, ko da Paro bai iso ba. Ta'aziyya ta fara komawa saƙon WhatsApp, kuma da yawanmu kan tura wa tsohuwa kuɗi ta ciro wurin mai POS, mu ɗauka mun sauke nauyi. Kuɗin na da amfani, wayar ma haka, amma magabata sun ce zumunci a ƙafa yake.

Japan ta rungumi na'ura ne bisa larura, domin matasanta sun yi ƙaranci. Mu kuwa gidajenmu cike suke da matasa. In muka miƙa wa allon waya abin da ya kamata ƙafa ta yi, wane uzuri za mu kawo?