Jar Fitila

Na wuce Kwanar Dangora kaɗan, a hanyata ta dawowa Kano daga Zariya, sai jar fitilar nan mai siffar buta ta kama a gaban sitiyari. Ta mutu, ta sake kamawa. Na dube ta, na dubi agogo, na ce a raina in na isa gida a duba.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma a wurinmu gargaɗi ba ya tsayar da kowa. Kwamfuta za ta zubo maka gargaɗi ɗari biyu, in dai abin ya tashi yana aiki, sai ka tura ka ce sai gobe. Da wannan tarbiyya na kalli fitilar. Ban yi kilomita goma ba na fara jin ƙwan-ƙwan-ƙwan daga ƙasan inji, ina taka totur tana ƙaruwa. Na gangara gefe na kashe. Na zaro sandar awon mai, ga baƙin mai nan bai ragu ba. Wannan ya fi komai ruɗa ni.

Motar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Da aka yi rabon gado ta faɗo kaina, kuma a cikinta nake kai Umma asibiti duk wata. Da janwe muka shiga gari bayan isha'i, ban kuma faɗa mata ba sai da gari ya waye.

Bakaniken dattijo ne, shi ke duba ta tun Baba na da rai. Ya sa yaronsa ya tayar da ita, ya kafa dogon sukundireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotar. Bai yi daƙiƙa biyar ba ya ɗaga hannu a kashe.

"Injiniya, ya buga."

"Amma Baba, akwai mai a ciki."

"Ai rijiyar gidanku ma da ruwa. In babu guga ka sha?"

Da suka kwance kaskon mai na ƙasa, ya lakato da yatsa ya miƙo mini a rana. Yana ƙyalli, garin ƙarfe ne a ciki. Rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta ta toshe da wani abu kamar kwalta, har da guntayen gam. Shi kansa famfon, ƙarafa biyu ne masu haƙora, ɗaya na juyawa a cikin ɗaya, duk sun zaizaye sun yi zane.

A nan na fahimci abin da digirina bai koya mini ba. Kiranshaf ba ya taɓa ƙarfen da yake kwance a kai, wanda su suke kira metal. A kan mai yake yawo, a tazarar da ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma famfo ne ke tura man da ƙarfi ya riƙe tazarar. A gudun da nake yi, inji na juyawa wajen sau 3,000 a minti, wato sau 50 a daƙiƙa guda. Fitilar kuma ba ta kamawa sai ƙarfin man ya kusa ƙarewa ƙaf. Ashe ba shawara take ba ni ba, sanar da ni take yi an riga an fara ɓarna.

Na ce a sayo injin Beljiyam a ɗora kawai. Haka muke yi, in na'ura ta rikice mu share ta mu tayar da wata. Ya girgiza kai.

"Wancan ba ka san hannun da ya fito ba. Wannan kuwa na san shi ciki da bai. Silinda lafiya, kan inji lafiya. Mene ne na jefar da shi?"

Ba don na gamsu na yarda ba, kuɗin haya ne ke gabana. Aka kai kiranshaf wurin masu gyaran ƙarfe, suka rage shi da milimita 0.25, aka nemo metal daidai da sabon awon. Ni da yaronsa muka yi yini a Ƙofar Ruwa neman famfo, sau biyu Baba yana mayar da mu. Abin da ya fi cin lokaci shi ne wanki. Kowace kafar mai sai da ya bi ta da fetur da iska, don a cewarsa ƙwayar ƙarfe ɗaya ta isa ta mayar da mu gidan jiya. Ranar tayarwa ya cire fulogogi, ya yi ta juya injin da sitata har jar fitilar ta mutu, sannan ya yarda a ba shi wuta. Kwana goma sha ɗaya motar ta yi a garejin.

Da zan tafi ya buɗe aljihun gaba, ya zaro wani ƙaramin littafi da na sha gani ban taɓa buɗewa ba. Rubutun Baba ne, kwanan wata da lambar kilomita, juye bayan juye, duk 5,000. Layi na ƙarshe wata biyu ne kafin rasuwarsa. A shekara ukun da suka biyo baya babu komai, ni da ke faɗa da yara a ofis in ba su rubuta abin da suka canja ba. Juyen ma sai na tuna nake yi, a bakin titi, da man da aka tsiyayo mini daga jarkar da ba ta da suna.

Bai ce mini komai a kai ba. Biro ya ara mini.

"Rubuta na yau. In ka yi kilomita 1,000 ka dawo a zubar da wannan. Kar ka matsa mata kafin nan. Ka gaida Hajiya."