Itacen da bai yi ƴaƴa ba

Ƴan'uwa mata, tun da muka kalli fim ɗin Aisha Macky muka kasa haɗa ido da ɗaya daga cikinmu.

Aisha ƴar Damagaram ce, an haife ta a 1982. Nan Yamai ta yi jami'ar Abdu Mumuni, sannan ta wuce Senegal ta koyi aikin fim. A 2016 ta fito da L'arbre sans fruit, wato itacen da bai yi ƴaƴa ba. Ciwon kanta ta ɗauko: tana da aure, haihuwa ba ta zo ba. Cikin fim ɗin da mahaifiyarta take magana, wadda ta rasu wajen haihuwa. A 2021 kuma ta yi Zinder, kan samarin unguwar Kara-Kara.

To, mu fa? A ƙungiyarmu akwai wadda ta daɗe a ɗakin miji, Allah bai ba ta ba. Kowane mako tana zuba dala ashirin ɗinta a asusun taimako, ba ta taɓa fashi ba. Suna nawa muka yi da kuɗin nan? Duk ta je, ta yi wanke-wanke, ta goya mana yara. Ranar da ta nemi a kama mata ta je asibiti, muka ce dokarmu haihuwa da rasuwa kawai ta sani. Wallahi da bakinmu muka faɗa. Mijin kuwa, ba wadda ta ce shi ma ya je a duba shi.

Ranar Alhamis za mu buɗe littafin doka. Kowa ta zo da wuri.