WAƘAR DA BA TA DA YARE

'Yan uwana mata, ni dai da kalmomi nake ci nake sha, don haka na daɗe ina ganin babu wani ciwon zuciya da magana mai daɗi ba za ta yi wa magani ba. Ashe da sauran karatu a gabana.

Watannin baya ne aminiyata ta haihu, yaron ya kwana uku ya koma. Tun a hanya na shiga tsara abin da zan faɗa mata, kamar mai shirya babin littafi. Da na isa na zauna kusa da ita na dinga zuba, ga nasiha ga misalai, ita kuwa idonta na kan bango, ko ƙala ba ta ce ba. Can sai wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta shigo, bayan ta'aziyya ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta janyo kan aminiyar tawa ta ɗora a cinyarta, ta shiga tsefe mata kitson da ya tsufa. Wallahi nan take kukan da ta kwana biyu tana riƙewa ya ɓalle. Na koma gida jikina a sanyaye, har da 'yar jin haushi.

A daren ne ƙanena ya ga na yi jugum, ya turo min wata waƙa a waya. Muryoyin mata ne suka tashi tare, ga goge ga ganguna ga sarewa, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Na saurara ya fi sau biyar ina share hawaye. Da safe na ce masa, "Kai, wannan wane yare ne? Na Afirka ta Kudu ne ko na Turawa?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ba yaren kowa ba ne, ƙirƙirarsa aka yi."

Sunan waƙar Adiemus, mai ita kuma Karl Jenkins, mutumin Wales da ke Birtaniya, an haife shi a 1944 a ƙauyen Penclawdd. A 1994 ya tsara ta don tallar kamfanin jiragen sama na Delta na Amurka. Da mutane suka yi ta tambayar ta, sai a 1995 ya fitar da faifai guda mai suna Adiemus: Songs of Sanctuary, tare da makaɗan London Philharmonic. Ya ɗauki tsarin kiɗan gargajiyar Turai ya gauraya da salon ganguna da amshi irin na Afirka da wasu al'ummomin. Kalmomin kuwa gaɓoɓi ne kawai ya harhaɗa, domin murya ta yi aiki kamar kayan kiɗa. Mafi yawansu da wasali suke ƙarewa kamar namu na Hausa, shi ya sa kunnena ya ɗauka 'yan gida ne. Abin da ya fi ba ni mamaki, taron matan nan da na zata, yawancinsa muryar mace ɗaya ce, Miriam Stockley, haifaffiyar Johannesburg, aka naɗa aka sake naɗawa ana ɗora wata kan wata, sannan Mary Carewe ta ƙara tata.

Da farko sai na ji kamar an yi wasa da hankalina, wai ni marubuciya guda ina kuka a kan abin da ba shi da ma'ana. Amma da na nutsu sai na tambayi kaina, shin guɗar da ake rangaɗawa ranar kai amarya wace kalma ce a cikinta? Amma wa ya taɓa jin ta bai gane ba? Wane yare uwa take yi wa jariri in tana jijjiga shi cikin dare? Mu nawa muka zubar da hawaye a kan waƙoƙin Indiya alhali ba mu jin Indiyanci? A nan na gano kuskurena. Tsohuwar nan ta je ne don aminiyata, ni kuwa na je ne don a ji na iya magana.

Washegari na dama kunun gyaɗa na koma. Na share mata ɗaki, na wanke kwanuka, na zauna gefenta bakina a rufe har la'asar. Da na miƙe zan tafi ta riƙo mayafina ta ce, "Ƙawata, gobe ma ki dawo."

To 'yar uwa, in kin je wurin wadda take cikin rashi, ki yi gaisuwa da addu'a, sauran kuma ki bar hannunki da zamanki su faɗa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba iyaye haƙuri, amin.