Ranar Da Aka Kawo Mana Sammaci

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda gaba ke faɗuwa idan aka ce ga masinjan kotu a ƙofar gida. Haka ta faru gare mu wata Litinin da hantsi a Kalambaina, muna zaune a zaure muna kaɗe ƙurar siminti daga kan littattafanmu. Kafin mu gama karanta takardar, uwargida ta fara salati, maƙwabta kuwa har sun soma yi mana jaje.

Ashe ba ƙararmu aka kai ba, shaida ake nema. Wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, ke jayayya kan iyakar gonar fadama da mahaifinsu ya raba musu tun yana raye. Ambaliyar 2010, wadda ta cika gulbin Rima har ya yi ɓarna, ita ta share gambar da aka dasa a kan iyaka. Mu ne kuwa muka rubuta wa marigayin takardar rabon, don a lokacin an san mu da riƙon alƙalami. Abin da ya hana mu barci shi ne, wan amininmu ne na ƙuruciya, alhali abin da muka sani ƙanen zai taimaka.

A Ingila da Amurka akan tara talakawa, galibi mutum 12, su saurari shari'a su faɗi ko mutum ya yi laifi. Mu nan Arewa ba mu da wannan tsari. A kotunan Shari'a da Jihar Sakkwato ta kafa a 2000, rabon talaka a aikin adalci shi ne shaida, shi ya sa fiƙihun Malikiyya bai ɗauke ta da wasa ba.

Mun isa kotu muna jiran tsawa, sai muka tarar da akasin haka. Akawu ya ba mu benci a inuwa. Da aka kira mu, alƙali ya tambayi sana'armu, muka ce malanta da ɗan rubuce-rubuce. Ya yi murmushi ya ce, "To Malam, yau ban da ƙari, abin da ido ya gani kawai muke so." Kowa ya yi dariya, har masu jayayyar.

Kafin a saurare mu sai da aka tambayi ɓangarorin biyu ko akwai mai suka a kanmu. Amininmu ya ce, "Allah gafarta Malam, wanga mutum ban taɓa jin ya yi ƙarya ba." Wallahi maganar nan ta fi mana nauyi bisa ga rantsuwa. Muka faɗi abin da muka sani: taku 40 daga gindin giginya zuwa gabas. Alƙali bai yi garaje ba. Ya juya ga wan ya tambaye shi ko yana da sauran magana, abin da malamai ke kira i'izari. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce haka tsohonsu ya yi, shi ma ya tuna. Nan take aka yi sulhu, aka shafa fatiha.

A mota ɗaya muka komo mu uku, wan ne ma ya biya kuɗin.

'Yan'uwa marubuta, da mun ƙi zuwa, da gaskiyar nan ta kwana a zaurenmu, zumunci kuma ya lalace. In an kira ku ku amsa. In ma ba a kira ku ba, ku leƙa kotu wata rana ku zauna a baya, za ku ji Hausar da babu ita a ƙamus. Allah ya sa mu dace.