Man Juye da Kunyar Kawu

A tashar Birnin Ƙonni akwai gardama biyu da direbobi ba sa gajiya da su: ta kokawa da ta man juye. Ta kokawa takan lafa idan an ba da takobi, ta mai kuwa kullum sabuwa ce. Wasu sun riƙe man da aka saba, 15W-40, wanda ake tacewa daga ɗanyen mai, suna cewa shi ya san ƙasarmu. Wasu sun koma sintetik mai tsada, suna cewa wanda ya zuba shi ya huta. Na zauna a ɓangarorin biyu, kuma tsallakawar ta fi taɓa mini zumunci fiye da aljihu.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya mini tuƙi. Tsohuwar Hilux gare shi mai injin 5L, lita uku, ba turbo, ba kwamfuta. Da ita muke kwaso gero da wake daga ƙauyukan Bazaga zuwa kasuwar Ƙonni, mu ɗauko albasa a Galmi da Tsarnawa, wani lokaci siminti daga Malbaza. Kowace safiya kafin a tayar da mota sai ya zaro sandar auna mai, ya goge ta da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Ya lakato man a yatsa, ya murza, ya shinshina. In ya ji tsaki-tsaki ko warin gazwal, ranar ba tafiya. Yana da wani ɗan kwali maƙale a saman gilashi inda yake rubuta lambar kilomita, kuma ba ya bari a haura 5,000 ba a yi juye da canjin filta ba. "Yaro," yakan ce, "mai shi ne kaɗai abin da za ka saya wa mota ta gode maka."

Da Allah ya hore mini, na sayi tawa: Hilux irin ta 2005, mai injin 2KD da turbo. Littafin motar ya yarda da mai iri-iri, har da na Kawu. Amma wani makanike da ya daɗe yana buɗe irin waɗannan injuna ya nuna mini wata turbo da ya cire. Sandar tsakiyarta ta yi baƙi ƙirin, man ya daskare a jikinta ya zama gawayi. Ya ce wannan sanda tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, iskar salansa mai tsananin zafi ke kaɗa ta, kuma man inji ne kaɗai ke raba ta da ƙarfen da take kwance a kai. Idan aka kashe mota da zafinta, man da ya rage a wurin sai ya ƙone. Sintetik ya fi jure wannan zafi, domin a masana'anta ake daidaita ƙwayoyinsa su zama kusan bai ɗaya, ba ya saurin ƙonewa ko yin kauri. Ga kuma bazararmu, inda zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ga lodi, ga yashi. Na sayi 5W-40.

Ranar da Kawu ya ga jarkar, ya tsiyaya kaɗan a tafin hannu, ya karkata hannun, man ya gangara da sauri. Ya ce, "Wannan ai ruwa ne. Kuɗinka ne ya yi maka yawa?" Na yi shiru. Na san amsar: lambar da ke gaban W tana nuna kaurin mai lokacin sanyi, ta baya kuma kaurinsa a digiri 100. In inji ya ɗau zafi, 5W-40 da 15W-40 duk a aji ɗaya suke. Abin da ya gani a hannunsa halin man ne yana sanyi. Amma ta yaya zan faɗa wa mutumin da ya ɗora hannuna a kan sitiyari cewa yatsansa ya ruɗe shi? An raine mu da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai na koma yin juyena a Malbaza, nesa da idonsa, in dawo in yi kamar ba a yi komai ba. Mutum da gemunsa yana ɓoye jarkar mai.

A wannan tsakanin ne na gane iyakar abin da na saya. Mai shagon da ya sayar mini da man ya ce mini sintetik yana kai kilomita 10,000, har 15,000. Gaskiya ne a inda aka yi lissafin: kan kwalta, da gazwal na Turai wanda tun 2009 aka rage masa farar wuta har ta kusa ƙarewa. Namu gazwal yakan fi wancan farar wuta, kuma idan ta ƙone tana haifar da tsami da ke cinye sinadaran kariyar mai. Injin gazwal kuma yana zuba wa mansa baƙin hayaƙi, shi ya sa yake baƙi da wuri ko sabo ne. Babbar matsalar ita ce ƙura. Bayan wani hunturu makaniken nan ya kwance bututun da ke bayan filtar iska, ya shafa yatsa a ciki, ya nuno mini: jan gari mai laushi, ya bi ta inda ɗaurin bututun ya saki. Yashi ne niƙaƙƙe, shi ke goge zoben fistan, kuma babu man da ke narkar da shi komai tsadarsa. Hanyar fitar da shi ɗaya ce, a zubar da man. Sai ga ni na manna kwali a saman gilashina, ina rubuta 5,000 da irin rubutun Kawu.

Na kuma fahimci cewa a kan motarsa shi ke da gaskiya. Injin 5L ba shi da turbo, ya tsufa, robobinsa sun saki. Sintetik, da kuɗinsa kan ninka na ɗayan, ba abin da zai ƙara masa sai wataƙila ya tono yoyon da datti ya toshe. Sanyin da aka yi 5W dominsa ma ba ya zuwa ƙasarmu. 15W ya ishi safiyar hunturu. Abin da ya kamata mai irin motarsa ya duba shi ne harafin C a jikin jarka, kamar CH-4 ko CI-4, alamar man injin gazwal.

Akwai kuma jabu. Lokacin da iyaka ta rufe bayan Yulin 2023, har zuwa Maris 2024, kaya suka yi wuya, na ga jarkoki masu kyan fuska da marfinsu ya sha taɓi. Mai tsada shi ɓarawo ya fi kwaikwaya, don a nan ribar take. Dokar Kawu ce ta tsare ni: saya wurin mutum ɗaya da ka san gidansu, a ɓalle marfi a gabanka, in jarka ta ƙare ka tsaga wuyanta da wuƙa.

Ɓoyon ya ƙare wata rana da na kai shi Tawa. Da muka isa na bar injin yana aiki kamar minti biyu kafin in kashe. Ya ce, "Gazwal kake ƙonawa a banza." Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, bari in nuna maka wani abu." Na buɗe bonet, na nuna masa turbo, na faɗi duk abin da na sani, har da juyen Malbaza. Ya daɗe yana kallon injin. Sannan ya ce, "Wannan injin ka fi ni saninsa. Da ka faɗa tun farko, da na koya." Ya ɗan yi dariya ya ƙara da cewa, "Amma ƙurar nan ta girme mu duka."

Maganarsa ta farko ce ta fi tsaya mini. Na ɗauka shiruna ladabi ne, ashe na yanke masa hukuncin cewa ba zai iya koyon sabon abu ba. Yanzu ina da yaron mota, kuma injuna sun sake canzawa. Tun 2015 aka fito da 2GD, wasunsu da matatar hayaƙi da ke buƙatar mai maras yawan toka. Na damƙa masa littafin mota na ce ya karanta da kyau. Na kuma ce masa, duk ranar da ya ga na tsaya a baya, ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya faɗa mini a gabana.