Ramar Da Aka Nema Da Wadda Ta Zo Da Kanta

Kwana biyu ka ji ni shiru. Zazzaɓin cizon sauro ne ya cika mana asibiti tun tsakiyar damina, layin masu karɓar magani kan kai har baranda, sai bayan la'asar nake samun kaina. Yau da na sami sarari, ina so mu tattauna kan wata tambaya da dangi ke yi saboda ƙauna, amma take rusa shirin mutane da yawa: "Ka rame, ko lafiya?"

Ka san yadda muke kallon jiki a ƙasar Hausa. Magidanci in ya ajiye tumbi, a ce Allah ya buɗa masa. Amarya in ta yi kumatu, a yaba wa miji. Wanda ya ragu kuwa, ciwo ake zargi, ko bashi, ko rashin kwanciyar hankali a gida.

Wata bakwai ke nan ina rage nauyi, domin hawan jini ne ya kwantar da mahaifinmu, aikina kuma na tsayuwa wuri guda ne. Na sauko daga kilo 94 zuwa 87, ba tare da shayin rage ƙiba ko wata ƙwaya ba. Na bar lemon kwalba, wanda sukarin cikinsa ya kai ƙaramin cokali takwas zuwa tara. Na koma malmalar tuwo ɗaya da miya mai yawa, na sa aka rage gishiri da magi, nake dama fura ba sukari, sannan nake tafiyar minti 30 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako.

Makon jiya na je gida Tsaskiya ɗaurin auren ƙanwata. Yanayin tsaro a yankinmu na Safana da Batsari ya sa haɗuwar dangi ta yi tsada, don haka kowa ya zo da ɗokin ganin ɗan'uwansa. Gwaggona na ganina ta riƙe haɓa: "Kai ɗan nan, mi ya same ka? Ko matar taka ta daina girki?" Kafin in zauna an jere mini waina da shinkafa da lemo biyu. Ba a musu da babba, ƙin cin abincinta kuma cin fuska ne. Na ci waina uku, na yaba miyar, sannan na rage murya na ce, "Gwaggo, ciwon Baba nake gudu." Ta yi shiru. Washegari kwaɗon zogale ta aiko mini.

Wani abokina, malamin makaranta, bai tsallake irin wannan tarko ba. Bara aka gano yana da ciwon sukari, aka ɗora shi kan metformin, ya gyara cimarsa, ya ragu, awonsa ya daidaita. Sai ya je wani suna, 'yan'uwa suka yi masa caa, wai maganin asibiti na tsotse shi. Ya ajiye magani, ya koma ci yadda ya saba don a daina magana. Bayan wata huɗu ya zo mana da gyambo a ƙafa wanda ya ƙi warkewa, sukarinsa ya haura 300. Har yanzu wanki ake yi masa, muna roƙon Allah kada a kai ga yanke yatsa.

'Yar'uwa mai karatu, ke ma ina da magana da ke. Ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe", waɗanda 'yan mata ke sha gab da biki, galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine. Na farkon yana kumbura fuska, ya tara ruwa a jiki, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana garkuwar jiki. In kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ki je asibiti a rage miki shi daki-daki.

Sai dai tambayar dangi ba kullum take zama kuskure ba, domin rama iri biyu ce. Wadda ka nema takan zo sannu, kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, tare da sauƙin jiki da daɗin barci. Wadda ta zo da kanta kuwa, kana ci kana zubewa, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ko tari da ya wuce mako biyu da gumin dare, wannan ta asibiti ce, kuma kada a jira gobe.

Ba a kuma ce sai ka zama sillen kara ba. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, kan mutum fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka ɗora kan burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, wannan bai wuce kilo shida da ɗoriya ba.

Ga kaka ta yi, bukukuwa sun kunno kai. In kana kan magani, ka tafi da shi a aljihu, ka ci abin da ya dace da kai, ka gode wa mai girki. In kuwa kai ne ka ga ɗan'uwa ya ragu, ka ja shi gefe ka tambaye shi yaushe rabonsa da awon jini da na sukari, kafin ka ƙara masa malmala. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da yankinmu lafiya.